Tauraro Biyu da Kunyar Ɗan Fari

Shekarun baya, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Moss Side a ƙasar Turawa, ni da abokina muka fitar da faifan waƙoƙinmu na farko. Kiɗa ne irin wanda ake kira synth-pop, babu ganga babu garaya, sai wata na'ura mai kama da fiyano da ke fitar da sauti iri-iri. Ni ke rubuta waƙa in rera. Abokina shi ke haɗa kiɗan. Haifaffen unguwar Old Trafford ne, yana jin Hausa, amma a baki Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da neman ƙarin tuwo ba.

Faifai ya fita, muka zuba ido mu ga abin da masu sharhi za su ce. Wasu suka ɗan yaba suka wuce. Sai wani shafin kiɗa da duk 'yan harkar ke karantawa ya ba mu tauraro biyu cikin biyar. Kiɗan kam mai sharhin, wani Bature, ya ce ba laifi. Amma mawaƙin, in ji shi, muryarsa ba ta da rai, sanyi ƙalau, kamar mai karanta sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Mawaƙin nan kuwa ni ne. Na karanta sharhin har na haddace shi. Da haka na riƙe Littafi Mai Tsarki, da tuni na zama fasto.

Amma ba Baturen nan ne ya fi ci mini rai ba. Mahaifiyata ce. Tana zaune a unguwar Sparkbrook ta Birmingham da ƙanwata tun bayan rasuwar babanmu, kuma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. In akwai wanda ya san murya a duniyar nan, ita ce. Na aika mata faifan, na jira, shiru. Da na gaji na kira ta.

"Mama, kin saurara?"

"Na gani," ta ce. "Ka ci abinci?"

Ni ne ɗanta na fari. Mama 'yar Wusasa ce, cikin iyayen nan da ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa ma yarda a ga suna kallonsa a gaban mutane. Na san al'adar sarai, don a Zariya na yi wayo kafin mu taho. Sai dai a lokacin zuciyata ba ta neman bayanin al'ada. Abin da na ɗauka shi ne, ta ji abin da mai sharhi ya ji, tana dai rufa mini asiri ne. In har ita ma haka ta gani, to ni da waƙa mun gama.

Na gaya wa abokina ya nemi wani mawaƙin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Don't be daft, man. Mu je Birmingham tukuna, Mama ta yi mana tuwo. Then you can retire."

Ranar Lahadi muka isa, an taso daga coci. Ashe ƙanwata, mai bakin da ba ya riƙe komai, ta karanta wa Mama sharhin, ta fassara mata shi tas a gaban ƙawayenta. Muna shiga falo na tarar da matan zumunta zaune, suka bi ni da jaje kamar wanda gobara ta cinye wa shago.

"Sannu ɗanmu, ya haƙuri? Mun ji abin da Baturen nan ya yi maka."

Wata dattijuwa, babbar ƙawar Mama, ta ce, "Tauraro biyun ma ai ka gode Allah. Wani ko ɗaya bai samu ba."

Na durƙusa na gaishe su ina ji kamar in nutse. Mama ta amsa gaisuwata tana kallon bango, yadda ta saba. Ta kawo tuwo da miyar kuka ta dire a gaban abokina, ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa. Ni ina gefensa, ko inda nake ba ta duba ba.

"Ɗana, sannu da aiki," ta ce masa. "Waƙarka ta uku, inda murya ta sauka ƙasa kafin amshi, ka kyauta da ba ka ɗaga ta ba. Wanda abu ya dame shi da gaske ai ba ihu yake yi ba."

Abokina ya tsaya da loma a hannu. "No, Mama, ba ni ba ne. That's him singing. Ni machine kawai nake dannawa."

Ta ci gaba kamar bai yi magana ba. Ta ce a ta biyar ya ja numfashi a inda bai kamata ba, ya gyara nan gaba. Raina ya ƙara ɓaci. Ga ni zaune, ana raba wa wani aikina, yabon da gyaran duka.

"Sai ta ƙarshe," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa, "wadda ka ce takalman mahaifinka har yanzu suna bakin ƙofa, ba wanda ya iya ɗauke su."

"Mama, my dad's alive," abokina ya ce a rikice. "Yana Old Trafford, ɗazu ma na..."

Dattijuwar nan ta zungure shi da gwiwar hannu. "Kai, ci tuwonka. Ta san da wa take."

A nan na gane. Na sunkuyar da kai.

"Wannan ba na iya jin ta a tsaye," Mama ta ce, idonta har yanzu a kan abokina. "In ta zo, sai na ajiye wanke-wanke na zauna. Ka gaya wa abokin aikinka, Baturen nan sau ɗaya ya ji muryar ya rubuta abin da ya rubuta. Ni tun tana kukan jarirai nake jin ta, ban taɓa jin sanyinta ba."

Tana faɗar haka ta miƙe, wai tukunyarta za ta kama. Kowa a falon ya san babu komai a kan wuta. Ni kuwa hawaye suka zubo mini cikin miya, na ce yaji ne. Matan suka taya ni ƙaryar, suka ce lallai yajin yau ya yi yawa.

Ban bar waƙa ba. Mun ƙara fitar da faifai bayan wannan, wasu masu sharhi sun so, wasu sun ƙi, kuma ina karanta su har yau, don wani lokacin suna da gaskiya. Maganar numfashin ta biyar ma wani ya rubuta ta daga baya. Abin da na daina shi ne auna shirun mahaifiyata da ma'aunin tauraro. Na daɗe ina jin kamar ƙaunarta ba ta kai ta iyayen abokaina ba, masu rungumar 'ya'yansu a bakin makaranta. Ashe tata tana nan cike, hanyar fita kawai take nema wadda ba za ta ba ta kunya ba.

Har yau ba ta taɓa duba na ta ce na iya waƙa ba, kuma na daina jira. Duk sanda muka gama sabon aiki, sai in ɗauki abokina mu nufi Sparkbrook. Yanzu ya ƙware, ba ya musu. Ta yaba, ya ce, "Na gode, Mama." Ni kuma ina gefe, kaina a ƙasa, ina kwashe kowace kalma.