Zanen Da Ban Gani Ba

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Karaye, mu 'yan ƙungiyar zane ta makarantarmu tare da malamarmu, muka nufi Ruwan Bago a ƙasar Rogo. Damina ta ci hanya. Duk ramin da mota ta faɗa sai kwalbar gam ta yi tsalle a cinyata. A Rogo muka tsaya sayen ƙosai. Ya yi tsada, ya kuma ƙanƙance, har wata a cikinmu ta ce sai da tabarau za a ci shi.

Aikinmu shi ne kowa ta yi hoton wata dattijuwa, da fenti da duk abin da ta tsinta a gidan. Ni aka haɗa ni da gwaggon malama, tsohuwa mai raunin gani. Tsohuwar ta ce in yi da kyau, jikokinta za ta bar wa.

Na kwaɓa jar ƙasa da gam na yi launin fata. Ɓawon gyaɗa ya zama sarƙar wuya. Ta yago mini bakin tsohon zanenta, na liƙa a kafaɗa. Na lura da lallen farcenta, da kaushin dugaduganta, da wata kaza mai ɗingishi da ke zagaya tabarmarmu. Amma na kasa ɗaga kai. A gidanmu ba a ƙura wa babba ido, don haka fuskar, da ka kawai na yi ta.

Da na gama ta karɓi hoton, ta bi shi da yatsa. A kumatu ta tsaya, ta shafa, ta sake shafawa.

"'Yar nan, ina zanena?"

"Ga shi nan, Iya," na ce, na kai hannunta kan ƙyallen.

Ta yi 'yar dariya. "To. Allah ya yi miki albarka."

Ta cika mana leda da dafaffiyar gyaɗa, muka kamo hanya. A mota malama ta miƙo wayarta mu ga hotunan da ta ɗauka. A nan na fara ganin fuskar Iya. Tsaga ce a kumatunta biyu, tun daga gefen baki har kusa da kunne, irin wadda yanzu ba a yi wa yara. Zanen da take tambaya ke nan. Na mayar da gyaɗar hannuna cikin leda.

Mun iso gida bayan la'asar, lafiya ƙalau. Tafiyar ta koya mini cewa kallon mutum don a riƙe kamanninsa ba rashin kunya ba ne. Hoton yana ɗakinta yanzu, jikokinta za su gaji fuskar da ba ta kakarsu ba. Kazarta kuwa, ko yau zan iya zana ta.