Na'ura ta sa Hajiya kiran sunan ɗan fari

"Wallahi ban hwaɗi ba!" in ji Hajiya, matata, tana rufe fuska da mayafi.

Bello, ɗanmu na fari, ya yi ɗan fim kan rumbun albasarta a nan Boɗinga, ya ba na'urar AI ta juya shi Turanci don Turawa. Muryar Hajiya ce a fim ɗin, leɓenta ne. Amma inda ta ce "yaron nan", sai muka ji "Bello" raɗau. Ita ko tun haihuwarsa kunya ba ta bar ta ta kira sunan ba.

Ta ce, "Goge wanga abin kunya!"

Bello, magidanci da gemunsa, ya sunkuyar da kai. "Inna, bari in ƙara ji sau guda."

Har yanzu ƙarawa yake. Jama'a, a goge ko a bar masa?