Malamar da ke Kayar da Ɗalibinta

Tana zaune a bencin mai cajin waya, ƙurar alli har gwiwar hannu, jakarta ta kumbura da littattafan yara. Gilashin wayarta ya tsage, ta duƙufa a kai tana danne-danne.

Na saci kallo. Jadawali ne na intanet, irin wanda aka ce 'yan firamare su riƙa cikawa tare, kowa daga kwamfutarsa. Ga sunayen yara a jere, ga lissafi, amma ita ke cikewa. A gaban sunan wani yaro, bakwai sau takwas, ta rubuta hamsin da shida. Sai ta goge, ta sa hamsin da huɗu.

"Malama, ai ta farkon ce daidai," in ji mai caji.

"Na sani," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "In kowa ya ci, masu duba makarantu za su gane ba yaran ke cikewa ba. Kwamfutocin suna kulle a ofishin hedimasta, wai kada yara su lalata."

Ina jin da safe ta sha fama da yaron nan a gaban allo har ya iya. Yanzu ga ta tana kayar da shi da yatsanta, don a yaba wa makaranta.