Cikin Abba da Askar Wanzami

Ranar wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Bayan sallar la'asar kakarmu Iya ta kira ni bakin ɗakinta, ta ce in je gidan Baba Wanzami in gaya masa ya zo jibi Juma'a da safe, za a yi wa Abba tsagar ciki. Abba jariri ne, ɗan yayata Zainab, kwanansa ashirin da shida a duniya, kuma a daidai lokacin da Iya take ba ni wannan aike yana can ɗaki yana tsala ihu, ya dunƙule hannuwa, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuskar nan ta yi jawur. Na zura silifas na fita. Daga gidanmu a Ƙofar Mata zuwa gidan wanzamin lungu biyu ne kacal, amma ranar sai da na tsaya a bakin karofi ina kallon marina suna tsamo zannuwa daga rami, na tsaya wajen masu bugun zannuwa, na tsaya kallon wasu awaki da suka raɓe a jikin garu, duk don kada in isa. Na san abin da ake nufi da tsagar ciki domin ina ɗauke da ita, ƙananan layuka shida-shida a gefen cibiyata, waɗanda ko wanka nake ba na son kallonsu. Na dai isa na faɗi saƙo, Baba Wanzami ya ce in gaida Iya, in ce mata yana tafe.

Mu asalinmu Barno ne, haka ake faɗa, ko da yake ni ban da gaisuwa ba abin da na iya a yaren, kuma kakan kakanmu ma a Kano aka binne shi. Babanmu marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwa ko ranar Sallah. Amma cikin gida na Iya ne, mahaifiyarsa. Ita ke cewa a ɗora tukunya, ita ke cewa a sauke, kuma mahaifiyarmu Umma ba ta taɓa ɗaga ido ta musa mata ba. Da Yaya Zainab ta haihu ta dawo gida wanka, Iya ce ta karɓi komai. Safe da yamma ni ke jan ruwa a rijiya in cika tukunya, in hura wuta da ɗanyen itacen da ruwan sama ya jiƙa har idona ya yi ja, in tsinko ganyen darbejiya, ita kuma ta fyaɗa wa mai jego ruwan zafi ta ɗura mata kunun kanwa. In na samu sarari sai in fice ƙofar gida mu baje 'yar carafke da ƙawayena, ko mu zana 'yar gala-gala a ƙasa mai danshi, kunnena ɗaya yana cikin gida.

Abba ɗan fari ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Yaya ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa in da mutane, ba ta ɗaukarsa ko da zai shiɗe da kuka. In an yaba kyansa sai ta sunkuyar da kai kamar an zage ta, mata su yi ta sa mata albarka suna cewa yarinya ta yi tarbiyya. Ko nono za ta ba shi, sai ta juya ta fuskanci bango, ta lulluɓa da mayafi, a shimfiɗa mata shi a cinya ta sunkuya a kansa ba tare da ta tallafi kansa ba. Yana zuƙa yana suɓucewa, yana sake cafka yana haɗiyar iska, da ta ji motsin takalmi a tsakar gida kuma sai ta zare ta turo mini shi. Ni kuwa uwar son wasa, sai in kwantar da shi a katifa in yi waje. Babu wanda ya ga laifin wannan a cikinmu, har ni da nake tsaye a kai kullum.

Kukan ya fara ne bayan suna da kamar mako guda. Da la'asar ta yi sai ya soma, ba zai sarara ba sai an idar da magariba, cikin nan ya yi tam, sai ya samu ya yi tusa sannan ya yi lamo na ɗan lokaci. Duk matar da ta shigo barka da nata maganin. An jiƙa saiwa an ɗura masa, an shafe cikin da man shanu, an yi hayaƙi, wata ma ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, ta faɗa a gaban Yaya ko a jikinta. Mijin Yaya, Malam Sani, malamin makaranta ne mai sanyin hali, ba zai iya ja da Iya ba, sai ya lallaɓa ya roƙi maƙwabciyarmu Anti Bilki, wadda nas ce a wani asibitin haihuwa, ta shigo ta duba yaron. Ta taɓa jikinsa, ta danna cikin a hankali, ta ce iska ce, ta rubuta sunan wani maganin ɗigawa ya sayo a kemis. 'Yar kwalba ce da ɗan bututu mai kan roba. Ta ɗauki jan farce ta yi alama a jikin bututun, ta ce nan ne iyaka, ta faɗi sau nawa a rana, a girgiza kwalbar tukuna, a ɗiga a gefen kumatu ta ciki a hankali, a wanke bututun a mayar. Iya ta kalli kwalbar ta taɓe baki ta ce, "Abin da jiƙo ya kasa, wannan ɗan tsirit ɗin ne zai yi?" Ita ba za ta taɓa ba, Yaya ba halin ta taɓa, sai aikin ya faɗo kaina. Na yi kwana biyar ina bayarwa ina jin kaina wata likita, kukan kuwa in ya ragu to kaɗan ne. Shi ya sa Iya ta aike ni wajen wanzami.

Ranar Alhamis ko karatu ban gane ba a makaranta. Lissafin da na yi da ƙwaƙwalwar 'yar shekara goma shi ne, in ɗigo kaɗan yana rage kuka kaɗan, to rabin kwalba zai ɗauke shi gaba ɗaya, gobe wanzami ya zo ya tarar ba aiki. Da la'asar Iya ta shiga banɗaki alwala, Yaya tana kwance ta ba mu baya, na cika bututun har wuya, na wuce jan farcen nan nesa, na buɗe bakin Abba. Ban ji tashinta ba, sai ji na yi an damƙe mini wuyan hannu. Yaya ce, idonta ya kumbura, ashe duk kwanciyar nan da take yi tana fuskantar bango kuka take. Muryarta can ƙasa ta ce, "Ajiye. Je ki kira mini Anti Bilki, kada ki bi ta ƙofar Iya." A ranar na fara sanin cewa duk ihun da yaron nan yake yi a cikinta yake sauka, kuma na ji kunyar kaina ƙwarai.

Anti Bilki ta zo ko kayan aiki ba ta cire ba. Da ta ji abin da na so yi, ta ja kunnena har sai da na ga taurari, ta ce maganin jariri ba miya ba ce da ake ƙara cokali, alamar da ta yi ita ce iyaka ko zai kwana yana kuka, kuma kada a sake haɗa masa da jiƙo ko wani abu, nono ya ishe shi. Ta ce wa Yaya in ta ga zazzaɓi, ko amai kore, ko jini a kashi, ko ya ƙi kama nono, ko cikin ya kumbura ya ƙi sauka, to ba zancen ɗigo ba ne, asibiti za a nufa a lokacin. Sannan ta ce a ba shi nono tana kallo. Yaya ta juya bango kamar kullum, ta sunkuya. Anti Bilki ta duba da kyau ta ce, "To ai ga ciwon nan." Ta zaunar da ita sosai, ta sa ta rungume shi kansa sama da cikinsa, bakinsa ya cika da nono, ta ce kada ta zare sai ya saki da kansa. Da ya ƙoshi ta ɗora mata shi a kafaɗa ta ce ta shafa bayansa har ya yi gyatsa, ta nuna mata yadda ake murza cikin a hankali da yadda ake naɗe ƙafafun ana miƙewa. Ta ce ɗigon taimako ne kawai, wani yaron ma ba ya yi masa komai, babban aikin a hannun uwa yake. Ana cikin haka Iya ta ɗaga labule. Yaya ta yi saurin sauke shi kamar ta ɗauki garwashi. Anti Bilki ta durƙusa ta roƙi a ba su mako guda, Iya ta ce ta riga ta aika, ba za ta mai da dattijo yaro ba, kuma duk wanda aka haifa a gidan nan da tsagarsa, ga su nan sun girma.

Juma'a da hantsi Baba Wanzami ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida kusa da rijiya, ya buɗe zabira ya fito da aska yana gogawa a fata. Babanmu yana tsaye a bakin zaure, Umma tana bakin murhu, matan maƙwabta biyu sun shigo don su riƙe yaron. Iya ta ce in ɗauko shi. Na shiga ɗaki na miƙa hannu, Yaya ta girgiza kai. Ta gyara ɗaurin zane, ta ɗora Abba a kafaɗa, ta fito tsakar gida a haka, gaban mahaifinta, gaban baƙon namiji, gaban kowa, tafin hannunta a bayansa. Ba ta iya ɗaga ido ba, amma kowa ya ji abin da ta ce: "Iya, ki yi haƙuri, ba za a tsaga mini ɗa ba." Ɗaya daga cikin matan ta kama haɓa. Babanmu ya juya ya fice karofi, wanda a wajensa magana ce babba. Iya ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce wa wanzamin ya yi haƙuri, ta sa aka ba shi goro, ta shige ɗaki ta saki labule.

Ba zan ce daga ranar kuka ya ɗauke ba, ƙarya ne. Ya dai ragu, yana raguwa, kafin Abba ya cika wata huɗu mun manta da shi. Abin da bai wuce da wuri ba shi ne fushin Iya. Ta ci gaba da yi wa Yaya wanka safe da yamma har aka yi arba'in, amma ban da "juya" da "tashi" ba ta ce mata komai, kuma a unguwa an daɗe ana nuna Yaya a gidan biki ana cewa ga wadda ta ce "ɗana" a gaban ubanta. Tana jin su, takan dawo gida ta yi kukanta, amma ba ta sake fuskantar bango da Abba ba.

Yanzu Abba magidanci ne, bara matarsa ta haifi 'yar fari. Ni da Umma muka je barka, na tarar da mai jegon rungume da jaririyar a gaban surukai tana ɗaukar hoto da waya, kwalbar ɗigo a gefen gado, tana karanta takardar cikin kwalin tana tambayar likita ta waya kafin ta ba ta. Na ji daɗi, na kuma ji wani iri, domin babu tukunya a tsakar gida, babu ƙamshin darbejiya, babu tsohuwar da za ta tashi tun asuba ta hura wuta saboda jikarta ko tana fushi da ita. Iya ta daɗe da rasuwa, ina kewarta har da faɗanta. A hanyarmu ta komawa gida nake ba Umma labarin waccan Juma'ar ina dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar da aka tsaga cikin Yaya Zainab tana jaririya, ita tana bayan ƙyaure tana cizon mayafi, tana ƙirga kowace tsaga da ihun yarinyar, ta so ta fito ƙafarta ta ƙi. Ta ce, "Shekara ashirin ina ɗauke da abin nan, sai ranar na ga an faɗi abin da na kasa faɗa." Ashe a gidanmu ba a taɓa rasa uwa mai son ɗanta ba, wadda za ta faɗa ce aka daɗe ana jira.