Ƙofar da Lado Ya Ƙi Buga wa Ƙusa

Lado mutumin Gumel ne, ɗan gidan masassaƙa. Turmi da akushi ya fara sassaƙawa a gaban mahaifinsa kafin ya koma kafinta. A 2009 wani kamfani ya kawo shi Riyad, ya yi shekara biyar yana haɗa ƙofofi a Birnin Masana'antu na Biyu. Ba shi da yawan magana. Abokan aikinsa kan ce da hanci yake gane katako.

Wata rana Injiniya Luƙman, ɗan Najeriya mai kula da ayyukan kamfanin, ya kira shi ofis.

"Malam Lado, ga wani aiki sai kai. Gida ne irin na mutanen Japan. Ba a son ƙusa ko ɗaya."

"To Injiniya, da me zai tsaya?"

"Katako ne zai ciji katako, kamar ƙota da ruwan gatari."

Mai gidan, Abu Nayif, likita ne da ya yi karatu a Japan, ya dawo da son gidajensu. Daga waje gidan bai bambanta da na maƙwabta ba, doguwar katanga ce da siminti. Ciki kuwa babu kujera, babu labule. Tabarmi masu kauri aka shimfiɗa bango zuwa bango, tsakar gida farar tsakuwa ce da duwatsu uku, ɗakunan kuma ƙofofin takarda ne suka raba su, waɗanda ake turawa gefe. Abin ya kwanta wa Lado a rai. "Ashe su ma a ƙasa suke zama," in ji shi.

Ɗaki ɗaya ne daban. Katakonsa na wani tsohon gida ne da aka kwance a ƙauyen Japan, aka yo jigilarsa ta ruwa. Hayaƙi ya mai da shi baƙi wuluk. Da Lado ya sunsuna, sai ya ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya daka, a garin da aka yi wata bakwai ba a ga hadari ba. A jikin ƙofar ɗakin akwai wani wuri da hannu ya goge har ya yi santsi, can ƙasa, daidai gwiwa. Luƙman ya ce ai su mutanen Japan a durƙushe suke buɗe ƙofa.

Lado ya kafa ƙofar, ya liƙa mata sabuwar takarda. Bayan azahar, lokacin da leburori ke fakewa saboda rana, shi kaɗai kan rage a gidan. Ran farko ya tarar da ƙofar a buɗe kamar faɗin tafin hannu, ya rufe. Washegari haka. Ya ɗora ma'auni, ƙasa daidai take, babu gangare.

"Katakon ƙasar damina ne ya zo ƙasar fari, dole ya motsa," in ji Luƙman.

"Na san katako yana motsi, Injiniya. Amma ban san yana duba agogo ba."

Ranar Alhamis ya zauna a baranda da ledar shinkafarsa, yana fuskantar ƙofar. Rana na bayan ɗakin, takardar ta yi haske kamar fitila. Gidan tsit, ko ƙarar mota babu. Sai ga inuwa a jikin takardar. Mutum ne a durƙushe, ƙarami, bayansa a ranƙwashe irin na tsufa. Hannu ya ɗago a hankali, ya sauka daidai wurin nan mai santsi. Ƙofar ta zame ba ƙara.

Babu kowa a ɗakin. A kan tabarma dai akwai gurbi biyu irin na gwiwoyi, yana kallo suna tasowa har suka shafe.

Lado ya ajiye ledar shinkafar. Ya kama Ayatul Kursiyyu. Da ya kai ƙarshe, bai san lokacin da bakinsa ya ce, "Sannu da hutawa, Iya," ba.

Da la'asar Abu Nayif ya zo duba aiki, Lado ya faɗa masa da guntun Larabcinsa. Likitan ya ce wanda ya sayar masa da katakon ya ba shi labari cewa wata tsohuwa ce ta ƙare rayuwarta ita kaɗai a gidan. 'Ya'yanta sun tafi birni, kullum da rana takan buɗe ƙofa ta dubi hanya.

"A lokacin dariya na yi," in ji shi. "Mu'allim, buga mata ƙusa, a huta."

"Ya Duktur, ko aljan ne ko mene ne, Allah ne masani. Amma ba da hannuna ba."

Wani kafintan aka sa ya buga. Ran Asabar aka tarar ƙofar na rufe gam, takardar kuwa ta yage daga ciki, tsaga huɗu a jere, daidai gwiwa. Abu Nayif da kansa ya miƙa wa Lado filaya. Aka zare ƙusoshin, aka sake takarda, iyalin suka tare, suka bar ɗakin ba mai shiga.

A watan Lado ya nemi hutu, karo na farko tun zuwansa. Ya je Gumel ya yi wata biyu wurin mahaifiyarsa Hajjo, ya gyara mata rufin ɗaki, bai gaya mata komai ba.

Da ya dawo, yayin irin wannan gini ya fara shiga gidajen masu hali, sunansa ya fita. Ya yi ƙofofin takarda a gidaje sun fi ashirin. Sharaɗinsa ɗaya ne, sabon katako kawai yake taɓawa.

A 2018 Abu Nayif ya sayar da gidan. Bayan mako uku sabon mai gidan ya bugo wa Lado waya, ya ce an ba shi lambarsa, akwai wata ƙofa da ke ɗan ba su matsala.

Lado ya tambaye shi da wane lokaci take ba su matsalar. Mutumin ya ce, "Ya aka yi ka san da lokaci?"