Takardar da na miƙa mata

A gidanmu na Sa'alaba, nan ƙasar Larabawa, idan takarda ta shigo, hannun babbar 'yata take zuwa. Ni Larabcin baki na iya, na cefane da na faɗa da mai tankar ruwa. Rubutunsu kuwa, in ba na Alƙur'ani mai wasali ba, kallonsa kawai nake yi. Tun tana aji biyu take karanta mini takardar asibiti da ta wuta, tana jijjiga ƙafa don na tashe ta daga wasa. Har ta kai ba na tunani kafin in miƙa mata.

Shekarar da ta gama aji uku, tana da shekara tara, ƙanenta yana da huɗu, mahaifinsu ya yanke shawara. Lodi yake yi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, kuma abin da ake biya wa kowane yaro kafin a sabunta iƙama, takardar izinin zama, ya fi ƙarfinsa. Za a kai yaran Damagaram wurin mahaifiyata, mu mu zauna mu ci gaba da nema, kuma ba za su dawo ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na kwana biyu ban ɗora masa tukunya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san gaskiya ya faɗa. Muka shirya mu ce musu hutu za su je, su dawo idan an koma makaranta. Sauran bayani sai sun isa.

Ranar da aka ba da hutu ta shigo da takardar sakamako tana ta zuba. An ce malamar aji huɗu mafaɗaciya ce, amma ita da ƙawarta sun riga sun zaɓi benci can baya. Ta ce in kwance mata kalmasar rigar makaranta, don ita ta ƙara tsawo. Na ce to. Na zauna na kwance kalmasar nan, na goge ta, na rataye, ina jin kaina ƙatuwar munafuka.

Ni dama hutun nan ba ƙaunarsa nake ba. Zafi yana hana yara leƙa ƙofa tun hantsi, sai a kulle su a ɗaki ɗaya, na'urar sanyi tana gurnani, su kuma suna dambe a kan waya. Kowace shekara sai muryata ta dishe. A wannan karon yaron ya zubar da madara a kan katifa, na goge ban ce uffan ba. Ita ta dube ni ta ce, "Ummi, ba ki da lafiya ne?"

Saura kwana shida su tashi, mahaifinsu ya kira ni daga wurin aiki bayan azahar. Ya ce in ciro takardar makaranta daga ambulan da ke kan firji, wani zai zo ya kai a buga mata hatimi. Hannuna duk mai, albasa tana ƙonewa, yaron yana jan zanena. Na ɗauko ambulan da gefen yatsu na ce, "Ke, duba mini wacce ce ta makaranta."

Ta zazzage takardun a tabarma, tana karantawa a bayyane yadda ta saba. Sai muryar ta tsaya. Kafin in juyo na san abin da na yi.

"Ummi, wannan khuruj niha'i ce." Haka ake kiran takardar fitar da babu dawowa, kuma ta san kalmar sarai, don yara nawa suka ɓace daga ajinsu da ita. Ta ɗaga wata. "Biyu ne, tawa da tasa. Ina taki?"

Na ce, "Babu."

"Ta Baba fa?"

Na girgiza kai. Na so ta yi ihu, ta jefe ni da takardun, da na samu abin rarrashi. Ta jera su, ta ware ta makarantar ta ajiye a kan firji, ta ce, "Halas," wato shi ke nan. Sannan ta dubi ƙanenta yana tura motarsa a bakin ƙofa, ta rage murya. "Kada ki gaya masa."

Kwana shidan nan ba ta sake taɓa waya ba. Bina take yi. Ta ce in nuna mata yadda nake masa wanka ba sabulu ya shiga idonsa, da yawan maganin da ake ba shi idan ƙirjinsa ya kama. Ta tambaye ni yadda ake cewa yana zazzaɓi da Hausa, don kakarta ba ta jin Larabci. Ina koya mata, ina jin kunyarta fiye da yadda na taɓa jin kunyar wani babba.

Ƙanwar mahaifinsu ce ta raka su. A filin jirgi, dab da wurin da ba a barin mai rakiya ya wuce, yaron ya riƙe gefen abayata ya ce, "Ummi, yaushe za mu dawo?" Yayarsa ce ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannunsa.

"Idan an koma makaranta," ta ce masa. "Yalla, mu je."