Tagar da Yaya Binta Ta Buɗe a Gindin Ɗorawa

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji shida na firamare, Yaya Binta ta naɗe kwamfutarta da zane ta rungume, muka nufi gonarmu ta tudu. Ni na ɗauko tabarma da ƙwaryar fura, kakarmu da muke kira Inna tana biye da sandarta, tana mitar an fito da ita cikin raɓa. A ƙauyenmu da ke bayan Ungogo, babu inda sabis yake kamawa a lokacin sai gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar nan. Baba da yayyena maza suna can suna maimai, gero ya kai musu ƙugu.

Yaya Binta tana karatun kwamfuta ne a jami'a cikin Kano, kuma an ba su aikin hutu, kowa ya gina shafin intanet. Ita sai ta yi a kan ƙauyenmu. Ta sa hoton rumbunanmu, da rijiyar bakin masallaci, da mata suna sussuka. Amma a tsakiyar shafin ta bar wani fili fari mai kusurwa huɗu, ba komai a ciki. Filin nan ya hana ni sakat. Ina surfe ina tunaninsa, ina yankan ciyawar awaki ina tunaninsa, ko carafke muke yi da ƙawayena sai duwatsun su zube. Da na dame ta da tambaya, ta ce sunansa firam, kuma wani shafin daban ne zai leƙo ta cikinsa.

Abin da zai leƙo shi ne Baffa Sale, autan Inna, wanda ya tafi Jidda tuƙin mota tun ina goye. An yi masa haihuwa, ya ɗauki bidiyon suna ya ɗora a wani shafi. Inna kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ta sha faɗa mana, "Ni dai in ga fuskar Auta kafin hasken nan ya ƙare."

Muka shimfiɗa tabarma, Yaya ta cusa wa kwamfutar modem, 'yar na'urar kamo intanet, ta liƙa adireshin bidiyon cikin ɗan guntun rubutun turanci. Filin ya ci gaba da zama fari. Na zagaya bayan kwamfutar na leƙa, don a zatona an zuba bidiyon ne a ciki kamar yadda ake zuba gero a rumbu. Yaya ta yi dariya ta ce, "Ba ya nan, Zainabu. Yana can inda Baffa ya ajiye shi. Ni taga kawai na huda a bangona." Na ce to in mai shi ya ɗauke fa? Ta ce sai tagar ta koma fayau. Wannan amsa ta tsorata ni fiye da yadda ta gamsar da ni, ga kuma batir ya fara nuna ja. Yaya ta miƙe tsaye ta ɗaga kwamfutar sama, ta matsa gabas, ta dawo yamma. Baba ya jingina fartanyarsa ya zo, yayyena ma suka taho da ƙasa a ƙafa, muka yi cirko-cirko.

Can sai farin ya yi duhu, sai ga Baffa, ya yi ƙiba, riƙe da jaririya cikin farin tawul, ga rumbunanmu a gefensa a shafi guda. Inna ta kai fuskarta dab da gilashin har numfashinta ya dusashe shi. Hoton yana tafiya yana tsayawa, amma mun ji lokacin da ya ce an sa wa yarinyar Hauwa'u, sunan Inna. Inna ta ce, "Auta, ka ci abinci kuwa?" Ta jira amsa, ba wanda ya iya ce mata ba ya ji. Kafin bidiyon ya ƙare kwamfutar ta mutu. Inna ta goge ido da bakin mayafi ta ce ya isa, a ba ta fura. Ba ta sake ganinsa ba, ta rasu kafin ya dawo gida.

Yau gina shafuka ne sana'ata. Nakan saka taswira ko bidiyo cikin shafin wani kafin shayina ya huce, ba na ko ɗaga kai. Gonar tudu an yanka ta fulotai, sabis har cikin ɗaki, yaran gidanmu kowa da wayarsa a kusurwarsa, har da Hauwa'un Baffa da ta zo hutu bara. Komai yana buɗewa nan take. Jiran nan da muka yi tare nake kewa.